Keke mai inji: wata takwas, tayar baya uku

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu daga Arkilla zuwa Tsohuwar Kasuwa a nan Sakkwato ya fara fin ƙarfina. Kullum sai na je shago na dawo, wata rana sau biyu. Kuɗin sabon mashin kuwa ba ni da su. Shi ya sa da na ga ana tallar ƙaramin injin da ake ɗaura wa keke, na sayar da tunkiya ɗaya na sa aka kawo mini daga Kano, wani makanike ya ɗaura shi a kan kekena mai taya lamba 26. Yau wata takwas ke nan ina hawa, kuma ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Injin kansa ba ni da ƙorafi mai yawa a kansa. Irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai ne. A jikin kwalinsa an rubuta 80cc, amma masu harkar sun san ainihin girmansa wajen 66 ne. Tankinsa na cin kimanin lita biyu, kuma idan na cika shi yakan kai ni kwanaki ina zirga-zirgar kasuwa. Yana da ƙara, yana girgiza hannu, notuna na kwancewa sai ana bi ana ɗaurewa. Duk wannan na yarda da shi, don kuɗinsa bai kai a nemi fiye da haka ba.

Abin da ya ɗaga mini hankali tayar baya ce. Tayar da ta yi mini kusan shekara biyu ina tuƙawa da ƙafa, cikin sati shida da ɗaura inji ta suɗe. Na ce ai tsohuwa ce dama. Na sayi sabuwa mai manyan haƙora, irin ta hawan tudu da daji, ina ganin ita ce mai ƙwari. Ba ta cika wata biyu ba tsakiyarta ya yi sumul kamar bayan faranti, haƙoran gefe kuma suna nan kamar ba a taɓa su ba. Ta gaba ko alamar cinyewa babu. Ranar da ta fashe ina kan hanyar Kalambaina da tsakar rana, da buhun gero ƙarami a baya. Allah Ya sa babu babbar motar siminti kusa da ni, don keken ya yi ta wutsil-wutsil da ni kafin in samu in sa ƙafa ƙasa. Da na duba, zaren cikin tayar ya fito fili wuri ɗaya, faɗin tafin yaro, tiyub ya leƙo ta nan ya tsage.

Na tura shi har wurin wani dattijo mai faci da ke zama ƙarƙashin dogon yaro. Ya juya keken ƙafafu sama, ya murza wilin a hankali yana kallo, bai ce komai ba sai da ya zagaya sau uku.

Na ce, "Baba, ko tayar ce jabu?"

Ya ce, "Ɗana, tayar keke ta. Don ƙahwar mutum anka yi ta, kai ko ka aza mata inji da buhu. Amma zo dibi nan, akwai abin da ya hi wannan."

Ya nuna mini faifan haƙorin da sarƙar inji ke ja. Wanda bai san keken nan ba, ga yadda yake: sarƙar feda na gefen dama, ta inji na gefen hagu, tana jan wani faifai mai haƙori 44 da ake matse shi a jikin sifokin wili da notuna tara da roba biyu. Idan mai ɗaurawa bai daidaita shi tsakiya ba, duk zagaye ɗaya sarƙa sai ta ɗaure ta saki, ta ɗaure ta saki. Nawa haka yake. Fizgar nan ta sassauta sifoki, wilin ya ɗan karkace, shi ya sa wuri ɗaya na tayar ya fi ko'ina cin ƙasa. Na daɗe ina jin keken na ɗan tsalle ƙarƙashina, na ɗauka halin injin ne.

Sai ya tambaye ni yadda nake tayar da shi. Injin ba shi da makunni, sai ka tuƙa feda keke ya ɗauki gudu, sannan ka saki kuloci ya kama. Ƙofar gidanmu yashi ne. Kullum da safe ina sakin kuloci farat ɗaya, tayar ta tsaya cak ta ja ƙasa, ƙuuu, kafin injin ya amsa, wani lokaci sau uku ko huɗu idan da sanyi. Na sha ganin layin da take bari a ƙasa, ban taɓa kawo wa raina cewa robar tayata ce nake gogewa ba. Haka wajen tsayawa: birkin baya kaɗai nake matsewa, saboda tun muna yara aka tsorata mu da na gaba. A gudun ƙafa wannan ba komai ba ne. A gudun kilomita 35 ko 40 kuwa, duk birki ɗaya kankare taya ne a kan kwalta.

Ga kuma iska. A gefen tayar an rubuta 40 zuwa 65 PSI, wato awon iskar da ya kamata a sa mata, amma mu nan da babban yatsa ake gwadawa, a danna a ce ta yi. Da aka sa ma'auni, tawa ba ta kai 30 ba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane zagaye, wannan na haifar da zafi a cikinta. Ka haɗa da kwaltar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, kwaltar da ko da takalmi kana jin ta a tafin ƙafa. Roba ta yi laushi, ga nauyin mutum da kaya mafi yawansa a baya, ga inji na turawa ta nan. Ina za ta kai?

Wani maƙwabcina nasa ya fi nawa muni. Irin injin da ke zaune bisa tayar ne, wani ƙarfe mai kaushi na murza ta kai tsaye. Da yashi ya shiga tsakani, ya zama dutsen niƙa. Wannan kam ba na ba kowa shawarar saye a garin nan.

Gyaran da muka yi bai ci kuɗi sosai ba. An kwance faifan an sake zaunar da shi daidai, an ɗaure sifoki an miƙar da wili. Na bar taya mai manyan haƙora na koma mai zane shafaffe da roba mai tauri, mai faɗin inci 2.125, da tiyub mai kauri saboda tsidau. Na sayi ƙaramin ma'aunin iska, duk Asabar ina dubawa. Yanzu sai na fita kan kwalta na ɗauki gudu sosai nake sakin kuloci a hankali, kuma ina fara tafiya da feda kafin in ba shi wuta. Birki biyu nake kamawa tare. Bakin salansa ma na sa an ɗan juya shi, domin baƙin man da yake tofarwa na sauka kan tayar, mai kuwa ba ya shiri da roba. Taya ta ukun nan ta shiga wata na biyar, zanenta ya ragu amma da sauranta.

Inda nake jin haushi shi ne wanda ya sayar mini. Ya yi mini lissafin fetur har da biro da takarda, bai ce uffan ba a kan taya, bai ce a nemi wanda ya iya zaunar da faifai ba. Mutum na iya rasa ransa a kan wannan shirun. Akwai tayoyin da aka yi musamman don keken lantarki, masu jure gudun kilomita 50 a awa, kamfanoni irin su Schwalbe da Kenda na yin su. Da ya ambata mini, da na haɗa da ita tun farko ko da ta fi tsada.

Idan tafiyarka cikin gari ce, kai kaɗai ko da ɗan kaya, injin nan zai rage maka kashe kuɗi, ni shaida ne. Amma ka sa kuɗin tayar baya biyu ko uku a shekara cikin lissafinka. Mai niyyar ɗaukar buhuna zuwa Wamakko ko Bodinga kullum, ya haƙura ya tara kuɗin mashin ko na hannu ne. Ni dai na bar ɗora gero a kansa, kuma na riga na sayi taya ta huɗu, tana rataye a ƙusa bayan ƙofar shago.