Gaia Sky: manhajar da na leƙa gefen galaksinmu da ita

Jama'a sati biyu kenan ina kan Gaia Sky, manhajar da ke nuna taurarin galaksinmu, wato babban tarin taurarin da ranarmu ke ciki, kuma wallahi ban yi da-na-sanin saukar da ita ba. Kyauta ce, a jami'ar Heidelberg ta Jamus aka haɗa ta, tana aiki a Windows da Linux da Mac amma fa ta kwamfuta ce, ba ta waya ba.

Taurarin da ke ciki ba zane ba ne, awo ne na kumbon Gaia da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a Disamba 2013, a 2022 suka fitar da bayanan taurari wajen biliyan 1.8, sai a Maris 2025 aka kashe kumbon.

Ni abin da ya kai ni shi ne halo, wato wannan lulluɓin tsofaffin taurari da ya kewaye faifan galaksinmu ta sama da ƙasa. Su na faifai tare suke juyawa, hanya ɗaya, su kuwa na halo kowa da inda ya nufa, wasu ma baya suke yi. Na sha karanta wannan amma sai da na kunna kibiyoyin da ke nuna motsin taurari a manhajar na ƙara gudun lokaci, na ga taurarin da nake ɗauka a kafe suke sun fara zamewa a allo, sannan abin ya zauna min. Daga irin wannan awon ne fa a 2018 aka gano cewa da yawan taurarin halo na kusa da mu ragowar wani galaksi ne da namu ya haɗiye wajen shekara biliyan 10 da suka wuce, Gaia-Enceladus suke ce mishi. Kai, ranar sai da na kai biyun dare.

Inda za ka ɗan rage buri: in ka yi nisa sosai da rana a cikin manhajar sai ka ga wurin fayau. Dalili kuwa Gaia ya riƙa auna nisa ne da ɗan gocewar da tauraro ke yi yayin da muke zagaya rana, na nesa gocewarsu ƙanƙanuwa ce, awon sai ya yi rauni, to ba kasafai suke shiga jerin ba.

Shawarata ka fara da ƙaramin kundin taurari, ni babba na fara ɗauka, tsohuwar kwamfutata ta yi zafi fankarta na ta ƙugi, dole na koma ƙaramin sannan ta daidaita.