Sola ko janareta ga gidan da ke rukunin Band A

Malam, tsakanin janareta da sola da ka tambaya a kai, shawarata ita ce ka sa sola, ka bar wutar NEPA ta ci gaba da ɗaukar kaya masu nauyi. Sauya kamfani ba ya cikin lissafi, domin kowane yanki yana da kamfanin rarraba wuta guda ɗaya, KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa, kuma rukunin da aka sa ku ya danganta ne da layin da ke ba unguwarku wuta. Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit bisa sharaɗin ba da wuta ta aƙalla awa 20 a rana, abin da ya rage wa magidanci shi ne ya rage yawan yunit ɗin da yake saye.

A gidana sola ce ke riƙe da fankoki, da fitilu, da talabijin, da firji guda. Na ga amfaninta sosai a watan Oktoban 2024, da aka lalata babban layin wutar Shiroro zuwa Kaduna jihohin Arewa suka kwashe kwanaki a cikin duhu. Mahaifiyata tsohuwa ce mai fama da hawan jini, zafi yana hana ta barci, amma a duk tsawon lokacin fankar ɗakinta ba ta tsaya ba, kuma maƙwabta suna aiko da wayoyinsu caji, wata ma ta ajiye allurar ciwon sukarinta a firjinmu. Addu'ar da tsohuwar nan ta riƙa yi mini ta fi mini kuɗin da na kashe. Kulawar da sola take buƙata ba ta da yawa, sai dai a lokacin hunturu dole a riƙa wanke farantan, saboda ƙura tana rage musu ƙarfi ƙwarai.

Janareta kuwa yana da araha a ranar saye, kuma yana tayar da famfon rijiyar burtsatse. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura naira 1,000, ga kuɗin baƙin mai da na bakanike, ga hayaƙinsa da ke kashe mutane idan aka kunna shi a cikin gida ko kusa da taga.

Batir shi ne ran aikin sola, kuma a nan ake cutar mutane. Batir mai ruwa ya fi sauƙin kuɗi, amma idan ana zuƙe shi fiye da rabi kullum, a irin zafin ƙasarmu, ba ya daɗewa yake mutuwa. Na litiyom ya fi tsada, ya kuma fi shi ƙarko nesa ba kusa ba, don haka gara ka sayi ƙarami na litiyom da ka tara manya masu ruwa. Ka yi hattara da 'yan kasuwar da ke goge tsohon batir su sa shi a sabon kwali, da masu liƙa wa ƙaramin faranti takardar babba. Kada ka biya sai an gwada kayan a gabanka, an kuma rubuta maka garanti a jikin rasit, kuma ka tafi da mai haɗa wutar da kai ka nemo, wanda ba yaron shagon ba.

Kafin ka je kasuwa ka rubuta duk abin da kake so ya yi aiki da dare, domin a kan wannan lissafin za a zaɓi girman batir da na inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke aiki da ita. Dutsen guga da hita da na'urar sanyaya ɗaki ka bar su a kan mita, domin su ne ke saurin kashe batir.