Miksa ko mai nozul: wane gas ya dace da Prado mai V6?

Alhaji, tambayarka ta iso. Ka ce Prado 120 gare ka, mai injin fetur V6 lita 4, kana zaune a Aboabo a Kumasi, kuma kusan kowane wata kana kama hanyar Tamale har Bawku. Kana son mayar da motar ta riƙa aiki da gas, ka shiga Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, masu gyara biyu sun ba ka magana biyu. Ɗaya zai sa maka miksa irin ta 'yan tasi, ya gama a wuni guda da kuɗi kaɗan. Ɗayan ya ce sai mai nozul da kwamfuta, kuɗinsa ya kusa ninka na farko sau uku. Kana son sanin wanne za ka ɗauka.

A wannan motar, mai nozul za ka ɗauka. Amma fara yin lissafi tukuna, don shi zai nuna maka ko aikin ma ya cancanci a yi shi.

Fetur da lita ake sayar da shi, gas kuwa da kilo, nan ne mutane ke ruɗewa. Kilo ɗaya na gas ya kai lita 1.8, sai dai lita ɗaya ta gas ba ta kai lita ɗaya ta fetur ƙarfi ba, shi ya sa mota ke shan gas fiye da fetur da kamar kashi 20 cikin 100 idan da lita aka auna. In ka haɗa biyun, aikin da lita ɗaya ta fetur ke yi, kashi biyu cikin uku na kilon gas ne ke yin sa. Idan motarka na shan lita 15 a kilomita 100, za ta sha kilo 10 na gas da mai nozul, da miksa kuwa ka sa ran kilo 11 ko fiye. Ɗauki misali kawai, kai ka sa farashin ranar: fetur sidi 13 lita, gas sidi 14 kilo. Fetur ya ci 195, gas ya ci 140, rarar 55 ke nan a kowane kilomita 100. Mai yin kilomita 20,000 a shekara ya tsira da sidi 11,000, kafin a cire kuɗin filta da ɗan fetur ɗin da ake tayar da inji da shi. Ranar da kilon gas ya kai kuɗin lita ɗaya da rabi ta fetur, riba ta ƙare. Wanda motarsa ba ta wuce Asawase zuwa Kejetia ba zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba. Irin tafiyarka ce ke biyan wannan aiki.

To, ga bambancin na'urorin biyu.

Miksa zobe ne mai ƙuntataccen maƙogwaro da ake sakawa a hanyar iska kafin totur. Iskar da inji ke zuƙa ita ke janyo gas daga rigileta, na'urar da ke rage matsin gas ɗin tanki, su gauraya tun daga nan. Ma'ana, manifol ɗin, wato bututun da ke raba iska zuwa silindu, gaba ɗaya cike yake da haɗin da ke jiran tartsatsi. Mai nozul kuwa kowace silinda da nozul ɗinta, an huda shi dab da bawul ɗin shiga, kuma ƙaramar kwamfutar gas na karanta umarnin da kwamfutar mota ke bai wa injektocin fetur, ta juya shi zuwa na gas. Iska zalla ce ke cikin manifol har bakin silinda.

Wannan shi ne tushen hukuncin. Injin 1GR-FE da ke cikin Prado ɗinka saman manifol ɗinsa na roba ne. Da miksa, ranar da fulogi ya gaji, ko koyil ɗaya ya yi rauni, ko gas ya yi ƙaranci a haɗin lokacin da ka taka totur da sauri, wuta kan koma baya ta bawul ɗin shiga ta kama duk abin da ke cikin manifol. Bakfaya ke nan. A manifol na ƙarfe ƙara ce kawai da tsinkewar tiyo. A na roba tana iya tsaga shi, ta fasa akwatin filtar iska, ta kashe sensar iska. Kuɗin waɗannan ukun kaɗai na iya cinye abin da ka rage wajen sayen miksa. Araha ba ta ado.

Ga kuma ƙarfi. Zoben miksa yana shaƙe hanyar iska ko da fetur kake tafiya, kuma a gas kana iya rasa kashi 10 cikin 100 ko fiye. Da mai nozul da aka saita da kyau asarar ba ta wuce kashi 2 zuwa 5, da wuya ka ji ta sai a hawan tudu da kaya.

Akwai abin da ya shafi motar daji musamman. Miksa da jan iska take aiki, saboda haka duk abin da ya canza jan iska ya canza haɗin. Filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu a hanyar arewa, gas ya yi yawa, mota ta yi nauyi tana sha. An sa sabuwar filta, haɗin ya koma ƙaranci. Idan motar na da dogon bututun shan iska da ake ɗagawa gefen gilashi, iskar gudu na turawa ciki ta rage jan gas, inji ya mutu daidai lokacin da ka saki totur, sai an ja ƙaramin tiyo daga bayan rigileta zuwa akwatin filta don daidaita su. Mai nozul duk wannan bai dame shi ba, tunda sensar hayaƙi da kwamfutar mota na gyara haɗin a kowane lokaci.

Ba cewa muke miksa ba ta da gida ba. Tsohuwar Land Cruiser mai kabureta, ko Patrol mai injin TB42 na kabureta, manifol na ƙarfe, babu kwamfuta: nan miksa ce daidai. Ba ta da tsada, kowane mai gyara a bakin hanya zai iya taɓa ta da sukundireba, kuma a gangare mai tsanani ba ta ambaliya kamar kabureta. Mai irin wannan motar kada ya ɓata kuɗi a kan nozul. Raunin mai nozul kuma a fili yake: in ya lalace a Walewale, sai ka danna maɓalli ka koma fetur har ka dawo wurin mai kwamfutar da ke da manhajar kamfanin. Shi ya sa a zaɓi kamfanin da kayansa ke samuwa a Magazine, irin su Lovato, BRC, Landi Renzo ko Stag, ba wanda ya fi kyan kwali ba.

Idan ka tsaya a kan mai nozul, ga abin da za ka tsare a wurin aikin.

Injinka yana da ƙarfin doki wajen 240, don haka rigileta ta zama mai ɗaukar 280 zuwa 300. Ƙaramar rigileta ta tasi za ta yi silo lafiya, wato aikin inji a tsaye ba a taka totur ba, amma a hawan tudu matsin gas zai faɗi, haɗin ya yi ƙaranci, zafi ya hau kan bawul. Bututun jan ƙarfe daga tanki ya zama milimita 8, ba 6 ba. Dalili: gas ɗin mota da na girki ɗaya ne, haɗin furofen da butan, kuma in butan ya rinjaya matsin tanki ba shi da yawa, wajen bar 2 zuwa 3 a ma'aunin matsi a zafinmu, siririn bututu ba zai ciyar da V6 ba.

Rigileta da ruwan zafin inji take mayar da ruwan gas tururi. A ɗaura ta ƙasa da saman lagireto don kada iska ta maƙale a ciki, a ja mata ruwa daga tiyon hita. Nan akwai al'adarmu da ke ɓata aiki: cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, wai don ƙasarmu da zafi, da toshe tiyon hita, da zuba ruwan famfo zalla. Babu tamostat, inji zai daɗe bai kai cikakken zafin aikinsa ba. Ruwa bai zagaya sosai ba, rigileta ta yi ƙanƙara a tsakiyar rana, ruwan gas ya wuce zuwa nozul, mota ta shaƙe. Ruwan famfo kuma yana cin cikinta da tsatsa. A mayar da tamostat, a zuba ruwan lagireto na gaskiya.

Wajen huda, a cire manifol na ƙasa, na alminiyom, a huda shi a kan tebur a wanke. Wanda ya huda a jikin inji, garin ƙarfe cikin silinda zai faɗa. Ramuka shida su zama kusa da injektocin fetur, kusurwa ɗaya, tiyoyin kuma gajeru masu tsawo ɗaya. Girman bakin nozul a bi jadawalin kamfani gwargwadon dokin kowace silinda, naka wajen 40. Sannan saiti ba ya ƙarewa a gareji. Sai an hau titi da kwamfuta a cinya, an taka a giya daban-daban har da hawan tudu, an ga gyaran da kwamfutar mota ke yi wa mai bai kauce fiye da kashi 5 tsakanin fetur da gas ba. Fitilar inji ta kama bayan kwana biyu, saiti ne bai yi ba. Kada a yarda a goge ta kawai.

Sai bawul, wanda yawanci ba a gaya wa mai mota. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul ko barin ɗan dattin da ke zama matashi tsakaninsa da mazauninsa kamar fetur. A hankali bawul ɗin fitar hayaƙi na nutsewa cikin mazauninsa, tazararsa ta ragu har ya daina rufewa, ya ƙone. V6 na Prado 120 ba ya gyara tazarar da kansa, kuma gyaranta sai an cire kamshaf an canza kofunan bawul. Ba ƙara yake yi ba, shiru yake yi, alamarsa rawar silo da safe. A auna tazarar kafin a sa gas, a rubuta. Ta hayaƙi milimita 0.29 zuwa 0.39 ce in inji ya huce. A sake aunawa duk kilomita 30,000 zuwa 40,000. A sa kwalbar man kare bawul, mililita ɗaya ga kowace lita ta gas, kuma a saita kwamfutar ta riƙa ƙara ɗan fetur idan inji na aiki da ƙarfi. Wannan dabara ta ƙarshe miksa ba ta iya ta.

Tanki kuwa, ko wanne ka zaɓa, ƙa'ida ɗaya ce. Tukunyar gas ta girki ba ta shiga mota, ko da wa ya ce yana yi. Tankin mota yana da kai mai bawul da yawa: mai tsayar da cikawa a kashi 80, mai yanke gas in bututu ya tsinke, na lantarki mai rufewa in inji ya mutu, da mai sakin matsi a bar 27. Kashi 20 da ake bari fili ne na kumburin ruwan gas in rana ta buga, kada ka bari yaron tasha ya girgiza mota don ya ƙara maka. Duba farantin jikin tankin, ka ga alamar 67R-01 da shekarar ƙira. Tsohon tankin da aka sauke daga waje ya haura shekara 10, ko mai tsatsa, ko wanda aka taɓa yi wa walda, a bar shi.

Wurin ɗaura shi zaɓi biyu ne. Idan safayarka a ƙasa take, tanki mai siffar taya zai shiga gurbinta, sai ka nema wa safaya wuri. A sa masa farantin kariya, kada ya sauko ƙasa da sasi, ya nisanci salansa da santimita 10 ko a sa garkuwar zafi. Ga mai bin hanyar duwatsu da ramuka, dogon tanki a cikin but bayan kujerun tsakiya ya fi tsira, amma ka rasa kujerun baya. A ciki dole kan tankin ya kasance cikin akwati rufaffe mai tiyon da ya fita ta ƙasan mota, saboda gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bazu yana neman wuta; wanda ya tuna gobarar tashar gas ta Atomic Junction a Accra a Oktoban 2017 ya san abin da ake nufi. A ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe biyu, kusoshi su ratsa bene da faranti a ƙasa, don cike yana kai kilo 60 zuwa 70.

Tankin lita 80 lita 64 yake ɗauka, wajen kilo 35, tafiyar kilomita 350. Kumasi zuwa Tamale kusan 380 ne, ka ga ba zai kai ka ba sai ka ƙara a hanya, Techiman ce wurin da ya fi dacewa ka nema. Kada fetur ya gaza kwata a tanki, famfonsa na aiki ko kana kan gas, kuma da fetur ɗin yake sanyaya.

Kafin ka karɓi mota, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa kana tsaye, a sa sababbin fulogi masu tazarar milimita 0.8, a nuna maka bawul ɗin hannu da ke kan tanki. Ka kai ta DVLA, hukumar rajistar motoci, a shigar da canjin a takardu, ka sanar da kamfanin inshora a rubuce. Bayan kilomita 1,000 ka koma a ƙara ɗaure mahaɗai a duba saiti. Daga nan filtocin gas biyu, ta ruwa da ta tururi, duk kilomita 10,000, a kuma zubar da baƙin man da ke taruwa a gindin rigileta, don shi ke manne nozul har mota ta fara tsalle a silo.