Katifar iska ta Intex ga ma'aurata a tanti: taushi akwai, ɗumi babu

Ma'auratan da ke shirin kwana a tanti a tsaunukan Shere da ke kusa da Jos ko wajen magangarar ruwa ta Kurra kan nemi katifar iska, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan katifu ita ce Intex Classic Downy mai cin mutum biyu. Faɗinta santimita 152, tsawonta 203, tana ɗaukar nauyin da ya kai kilo 272. In an sace iskar an naɗe ta, ƙaramar jaka ma ta ishe ta. Samanta yana da laushi kamar karan-miski, zanin gado ba ya zamewa a kai. Ta fuskar taushi da sauƙin ɗauka, ta ci kuɗinta.

Kafin a biya, a auna tantin. Wanda aka rubuta "na mutum 2" yawanci faɗin ƙasansa bai wuce santimita 130 zuwa 140 ba, wannan katifa ba za ta shiga ba. In an tura ta da ƙarfi, sai ta tokare bangon tanti, raɓar asuba ta jiƙa bargo ta gefe. A nemi tantin mutum 4, a samu wurin jaka da takalma.

Babban aibinta shi ne sanyi, kuma a Jos wannan ba ƙaramin abu ba ne. Garin yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, a Disamba da Janairu dare kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa. Iskar da ke cikin katifar tana yawo, tana kwasar zafin bayan mutum ta kai wa ƙasa. Shi ya sa za a lulluɓa da bargo uku amma ƙashin baya yana ɗaukar sanyi kamar an kwanta a kan suminti. Maganin a ƙarƙashin jiki yake. A fara shimfiɗa tamfol a ƙasan tanti bayan an share tsakuwa da ƙaya, a sa tabarma ko darduma a ciki, a ɗora katifar, sannan a shimfiɗa bargo mai kauri ko siririn soso mai inci 1 zuwa 2 a samanta kafin zanin gado. Bargo ɗaya a ƙasa ya fi biyu a sama amfani. Barguna masu nauyi na gwanjo, irin waɗanda ake samu a kasuwar Katako, sun dace da wannan aiki, a dai wanke a shanya tukuna.

Akwai kuma sacewar da take yi cikin dare, wadda kan sa a zaci ta fashe. Iskar da aka hura da rana tana tsukewa idan gari ya yi sanyi. Daga digiri 28 zuwa 10 takan ragu da kusan kashi 6 cikin 100. Sabuwar roba ma tana miƙewa a kwanakin farko. Don haka a hura ta a gida kwana biyu kafin tafiya, a daji kuma a ƙara mata iska bayan isha'i. Kada a cika ta tam da safe a bar ta cikin tanti a rana, ɗinkin cikinta ne zai saki, ta yi tozo a tsakiya, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Idan ana zargin huji, a kaɗa sabulu a ruwa a shafa, a fara da bakin murfin. Inda kumfa ke tasowa nan ne. A goge, a bar wurin ya bushe, a manna faci, a jira kafin a hura.

Ga mutum biyu, matsalar nauyi ce. In maigida ya fi nauyi sosai, gefensa ke lotsawa, uwargida ta riƙa gangarowa, duk juyin da ɗaya ya yi ɗayan zai ji. Ƙara iska yana ragewa, ba ya kawarwa. Masu saurin farkawa gara su ɗauki ƙananan katifun soso biyu, irin na 'yan makarantar kwana, su haɗa da zanin gado guda mai roba a kusurwa. Sun fi ɗumi, ba sa fashewa, sai dai za su cinye bayan mota.

Famfo ba ya zuwa da kowace kwali, a tambaya. Wanda ake jonawa a wutar gida ba shi da amfani a kan dutse; a sayi na ƙafa ko wanda ake jonawa a mota.

Ga mai mota ƙarama da tantin mutum 4, a watannin da ba sanyi, katifar ta isa ita kaɗai. Da hunturu, kada a fita da ita sai da abin shimfiɗawa a samanta.