TSA PreCheck, Global Entry da CLEAR: wanne ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Jama'a tambayar nan ta yi yawa a tsakanin mutanenmu da ke zaune Amurka, musamman idan lokacin zuwa gida ya matso, wai shin a biya kuɗin nan na tsallake layi a filin jirgi ko kuwa ɓarnar dala ce kawai. To ni dai ina da Global Entry, kuma na ga yadda sauran biyun suke aiki, ra'ayina a gajarce shi ne in kana zuwa gida ko da jefi-jefi ne ka yi Global Entry, in kuma yawonka duk cikin Amurka ne PreCheck ya ishe ka, shi kuwa CLEAR ka bar wa masu kuɗin da ba su san inda za su kai shi ba. Amma fa akwai sharaɗi babba a kan Global Entry ɗin wanda ya shafe mu kai tsaye, zan zo kansa.

Da farko a san wa ma ya cancanta, don nan ne ake cutar mutane. PreCheck na ɗan ƙasar Amurka ne da mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, shi ke nan. Global Entry ma haka, sai ƙarin 'yan wasu ƙasashe da suka yi yarjejeniya da Amurka irin su Ingila, Jamus, Indiya da Koriya ta Kudu, Najeriya da Nijar da Gana ba sa ciki. Ke nan in kai ɗan ƙasashenmu ne kuma da bizar ziyara kake shigowa ko ta karatu, babu kai a wannan harka, duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai yi maka hanya ɗan damfara ne. Amma in kana da girin kad, fasfonka na Najeriya ko na Nijar bai hana ka ba. Kuma a shafin gwamnati ake cikewa, wanda adireshinsa ya ƙare da .gov, don akwai shafuka masu kama da shi da za su karɓi kuɗinka na "taimako" alhali fom ɗin da kanka za ka iya cikewa a waya kana shan shayi.

PreCheck na hukumar TSA ne, mai binciken tsaro a filayen jirgin Amurka, wadda aka kafa a ƙarshen 2001 bayan harin 11 ga Satumba, shi kuma shirin ya fara a 2011. Kuɗinsa na yawo kusa da dala 80 na shekara biyar, ya danganta da kamfanin da ya yi maka rajistar, za ka je su ɗauki hoton yatsunka su duba takardunka, yawanci cikin 'yan kwanaki su ba ka wata lamba da ake kira KTN, ita za ka riƙa sawa duk lokacin da za ka yanki tikiti. Abin da kake saya shi ne layi na daban, ba cire bel, ba cire jaket mara nauyi, ba fito da kwamfuta daga jaka, ba fito da 'yar ledar nan ta man shafawa da turare. TSA da kanta tana cewa kusan kashi 99 cikin ɗari na masu shi ba sa kai minti goma a layi, kuma gaskiya abin da nake gani bai yi nisa da haka ba, sai dai ranar Litinin da sassafe ko lokacin hutun ƙarshen shekara inda za ka tarar layin masu gata ɗin ma ya yi wutsiya, don mutane sun yi yawa a cikinsa yanzu.

Wani abu da ya rage masa armashi, da can babban abin alfaharin PreCheck shi ne ba ka cire takalmi. Dokar cire takalmin nan tun 2006 take, asalinta kuma mutumin nan Richard Reid da ya ɓoye bam a takalmi a jirgin Faris zuwa Miami a Disambar 2001. To a Yulin 2025 gwamnati ta soke ta ga kowa da kowa, yanzu mai PreCheck da mara shi duk da takalminsu suke wucewa. Dokar ruwa kuwa tana nan daram, mililita 100 a kowace kwalba, ko kana da PreCheck ko ba ka da shi, saboda haka kar Hajiya ta ɗauko kwalbar humra babba ta sa a jakar hannu tana cewa ai ni ina da kati, za su karɓe wallahi kuma ba za ta sake ganinta ba.

Inda nake ganin ya fi yi mana amfani, wanda masu tallarsa ba sa faɗa don ba su san shi ba, shi ne maganar sutura. A layin kowa da kowa na'urar nan ce da kake shiga ka ɗaga hannu ta zagaye ka, ita kuwa ba ta shiri da kaya masu yalwa, babbar riga, jallabiya, abaya, hijabi mai faɗi, sau da yawa sai ta nuna alama a ce ka tsaya a lalube ka. A layin PreCheck yawanci ƙofar nan ce ta gano ƙarfe, ka wuce kawai in ba ta yi ƙara ba. Ban ce ba za a taɓa tsayar da ke ba 'yar uwa, suna iya cewa za su duba ɗankwali ko hijabi a kowane layi, kuma haƙƙinki ne ki ce mace za ta duba ki kuma a keɓe, amma dai yawan tsayarwar na raguwa sosai. Ga mai yara kuma, 'yan shekara 12 zuwa ƙasa suna bin iyayensu layin kyauta, 13 zuwa 17 ma suna bi in tikitinsu ɗaya da naka kuma alamar ta fito a takardar shiga jirginsu.

Sai dai a fahimta, PreCheck a filayen jirgin Amurka kawai yake aiki, lokacin da za ka tashi. In ka sauka Istanbul ko Doha ko Addis Ababa canjin jirgi, layin kowa za ka bi, haka nan ranar dawowa a Kano ko Abuja ko Yamai babu wanda ya san da zamansa. Kuma sai kamfanin jirgin yana cikin shirin, manyan da muke hawa irin su Delta, United, Turkish, Qatar da Emirates suna ciki.

Global Entry kuwa na hukumar kwastan da kan iyaka ne, CBP, tun 2008. Da dala 100 ne, daga 1 ga Oktoban 2024 ya koma 120, shekara biyar shi ma, kuma PreCheck na cikinsa ba sai ka sake biya ba. Ka yi lissafi, dala 24 a shekara, bambancinsa da PreCheck zalla wajen dala 40 ne a shekara biyar gaba ɗaya. Abin da yake maka shi ne ranar da ka dawo, bayan awa goma sha wani abu a sama ƙafa ta kumbura yara na kuka, maimakon layin imigireshin da in jirage uku suka sauka tare a filin JFK na New York ko Dulles na Washington sai ka shafe fiye da awa, kai na'ura za ka nufa ta ɗauki hoton fuskarka jami'i ya kira sunanka ka wuce. Wanda zai canja jirgi shi ya fi kowa sanin daɗinsa, don a Amurka filin da ka fara sauka nan za ka yi imigireshin ka ɗauki akwatinka ka bi kwastan ka sake miƙa shi sannan ka sake bin binciken TSA, misali ka taso daga Legas ka sauka Atlanta za ka wuce wani gari, layi biyu ke jiranka kuma kati ɗayan nan ya rage maka duka biyun.

Wahalarsa samunsa. Za ka cike dogon fom, inda ka zauna, inda ka yi aiki, ƙasashen da ka je a shekara biyar da suka wuce, ka biya, ka jira amincewar farko wadda wani makonni ne wani kuma watanni, sannan intabiyu ido da ido wanda samun ranarsa a manyan birane kan yi wuya. Dabarar ita ce in amincewar farko ta fito kana shirin tafiya, ka bari sai ranar dawowa ka yi intabiyun a filin jirgin da ka sauka, suna da wannan tsarin a filaye da yawa. In suka ƙi ka kuɗinka ya tafi ba a mayarwa, kuma tsohon laifi ko matsalar kwastan ta baya na iya jawo ƙin. Kowa a gidan sai ya yi nasa har jariri, amma yanzu yara 'yan ƙasa da 18 kyauta ne in uba ko uwa na ciki ko sun nema.

To ga sharaɗin da na ce. Tsaraba. Mu dai an san mu, ba ma dawowa hannu rabbana, Inna ta ƙulla kilishi, gwaggo ta kawo dambun nama, ga kuka ga daddawa ga yaji ga busasshiyar kuɓewa. Nama kowane iri daga ƙasashenmu ba ya shiga Amurka, busasshe ne ko soyayye, saboda cututtukan dabbobi. Kuma shi Global Entry amana ce suka ba ka, sun ce mun yarda da kai ba sai mun tsare ka ba, ranar da karen nan mai shinshina ya tsaya a akwatinka aka samu abin da ba ka faɗa ba, ga tara ga ƙwace katin, kuma sake samunsa aiki ne. A 2018 wata Ba'amurkiya da ta taso daga Faris an ci ta tarar dala 500 an kuma soke mata Global Entry saboda tuffa guda ɗaya da aka ba ta a cikin jirgi ta sa a jaka, tuffa fa, ina ga ƙunshin kilishi. Mafita mai sauƙi ce, duk abin ci da ke jakarka ka ce kana da shi, su duba, wanda ya halatta su bar maka wanda bai halatta ba su zubar, ba a cin tarar wanda ya faɗa. Amma in ka san kai zuciyarka ba za ta iya barin kilishin nan ba kuma ba za ka faɗa ba, gara kar ka ɓata dala 120 ɗinka. Haka kuɗi, in sun haura dala 10,000 dole ka bayyana, har da saƙon da mutane suka damƙa maka ka kai musu.

Sai maganar suna, wannan ma tamu ce. Muhammad a fasfo, Mohammed a lasin tuƙi, Muhammadu a tikiti. In sunan da ke tikiti da ranar haihuwa ba su yi daidai da na rajistarka ba alamar PreCheck ba za ta fito ba, kuma in ba ta fito a takardar shiga jirgi ba nuna kati ba zai shigar da kai layin ba. Kuma duk da ka biya, wata rana za ka iya ganin SSSS a takardarka, wato an zaɓe ka bincike na musamman, ranar babu gata. Wanda abin ke yawan faruwa da shi don sunansa ya yi kama da na wani, akwai shirin ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka mai suna DHS TRIP da ake nema a ba ka lambar gyara, kyauta ne.

CLEAR kamfani ne mai zaman kansa ba gwamnati ba, wajen dala 200 yake a shekara ɗaya, ba biyar ba, wato a shekara biyar ka doshi dubu. Abin da yake yi kawai ya duba idonka ko fuskarka ma'aikacinsu ya raka ka gaban layin duba shaida, binciken jaka da na jiki yana nan yadda yake, kuma ba kowane fili yake ba. Na sha ganin layinsu ya tsaya cak namu na PreCheck na tafiya. In aikinka kullum kana sama kuma ofis ke biya, to bismilla, amma daga aljihunka ban ga dalili ba.

Wasu katunan banki irin su Chase Sapphire Reserve da Capital One Venture suna mayar maka da kuɗin Global Entry ko PreCheck in da su ka biya, in kana da irinsu ka duba, amma kar ka je ka buɗe kati mai kuɗin shekara da ruwa a kai don kawai dala 120. Wanda kuma sai shekara uku huɗu yake leƙa gida sau ɗaya, akwai manhajar CBP ta kyauta mai suna Mobile Passport Control, ɗan ƙasa da mai girin kad duk suna iya amfani da ita, ka cike bayananka a waya da jirgi ya sauka, a filaye da yawa tana da layinta daban wanda ya fi na kowa gajarta, ba intabiyu ba ko sisi.