Hattara masu rubuta GMAT a Abuja, masu cewa za su ɗaga maka maki ƴan damfara ne

Salam jama'a, dan Allah duk wanda yake shirin GMAT, wato jarrabawar shiga makarantun kasuwanci, ko yake da ɗan uwa mai neman tafiya MBA, digiri na biyu a harkar kasuwanci, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wasu da suka cika guruf-guruf na WhatsApp da Telegram na masu neman karatu a waje, suna cewa wai suna da mutum a ciki da zai ɗaga maka maki bayan ka rubuta, wasu kuma su ce ka zaɓi rubutawa a gida ta intanet su shiga kwamfutarka daga nesa su amsa maka. Wallahi ƙarya ce, kuma sun riga sun ci kuɗin ƙanwar matata, shi ya sa nake magana da zafi.

Yarinyar nan tana aiki a Wuse 2, ta rubuta jarrabawar ta sake ta kuma sakewa makin ya ƙi wuce ɗari biyar da wani abu, ga kuɗin rijista kusan dala 300 duk zama ɗaya, a wannan canjin da muke ciki kun san me hakan yake nufi, ga ranar rufe karɓar takardu ta matso. Sai ta yi ƙorafi a wani guruf cewa ta gaji. Ko awa ba a yi ba wani ya biyo ta ta baya, Hajiya ki kwantar da hankalinki, irin ku muke taimaka wa. Dama abin da suke jira kenan, ba sa bin wanda bai taɓa zama ba, wanda ya sha faɗuwa zuciyarsa ta yi rauni shi suke farauta. Ya turo mata hotunan sakamakon mutane, ya ba ta adireshin ofis a Garki, ya ce ta biya rabi sauran sai aiki ya yi kyau. Ta tura cikin akawun ɗin wani mutum, ba ma sunan kamfani ba. Bayan kwana biyu ya ce oga na Amurka ya ƙara kuɗi, ta ƙara. Daga nan ya nemi hoton fasfo ɗinta da fasuwod ɗinta na mba.com, shafin da ake rijistar jarrabawar, wai zai shiga ya gyara, ta ba shi. Da sakamako ya fito yadda yake babu abin da ya canza ta ce a dawo mata da kuɗinta, sai mutumin ya juye, ya ce in ta sake damunsa zai tura hirarsu gaba ɗaya ga makarantun da ta nema su san ta nemi satar jarrabawa, in kuma tana son ya yi shiru ta ƙaro wani abu. Mun je adireshin Garkin, shagon sayar da caja da kondon waya ne, ba su taɓa jin sunansa ba.

Da na karɓi wayarta na duba hotunan da ya turo, nan take ƙaryar ta fito fili. Sakamakon duk 720 ne da 740 kuma da kwanan watan bana. To tun farkon 2024 aka daina tsohuwar GMAT mai maki 200 zuwa 800, wadda ake yi yanzu daga 205 take zuwa 805 kuma kowane maki da 5 yake ƙarewa, 645, 655, 705, haka. Duk wanda ya nuna maka 720 na bana haɗa shi aka yi a kwamfuta. Ku riƙe wannan kaɗai ma ya isa ya kama da yawansu.

Sannan maganar expo, wai suna da tambayoyin da za su fito. Wannan ba jarrabawar takarda ba ce da kowa yake amsa abu ɗaya. Kwamfuta ce take zaɓo maka tambaya ta gaba gwargwadon yadda ka amsa ta baya, in ka ci ta ƙara wuya in ka faɗi ta sassauta, na kusa da kai ma ba tambayoyinku ɗaya ba, to wace expo za a ba ka? Kuma sakamakon ba kai kake kai wa makaranta ba, GMAC mai jarrabawar ita take turawa kai tsaye, ko INSEAD ce ko London Business School can za su gani, hoton da wani ya gyara maka ba inda zai je. A cibiyar jarrabawa fasfo ake dubawa har da na'urar da take ɗaukar tafin hannu, saboda masu turo wani ya zauna musu. Kuma mutanen GMAC ba sa wasa, sun taɓa kai wani shafi mai suna Scoretop kotu a Amurka saboda yaɗa tambayoyin da ake kan amfani da su, suka ci shari'ar a 2008, suka soke sakamakon mutum 84. Wato ko da ace an yi maka aikin da gaske, kana zaune ne kullum da fargabar ranar da za a soke a sanar da makarantar. Ni dai ra'ayina, kuma haka na faɗa mata, ko babu kamu wannan ha'inci ne, digirin da aka shiga da shi ta wannan ƙofar ban ga albarkar da za a nema a cikinsa ba. Ban faɗa don in ƙara mata ciwo ba, na san gajiya ce ta kai ta.

Wanda makinsa ya tsaya wuri ɗaya, matsalar yawanci ita ce sake zama ba tare da an canza komai ba. Jarrabawar sashe uku ce, lissafi tambaya 21, Turanci 23, sai sashen nazarin bayanai da jadawali 20, kowanne minti 45. Rahoton da suke ba ka bayan ka rubuta yana nuna inda ka yi rauni da inda lokaci ya cinye ka, mutane da yawa lamba ta sama kawai suke kallo su rufe. Buɗe shi ka zauna da shi. Akwai jarrabawar gwaji guda biyu kyauta a mba.com, ka yi su da agogo kamar da gaske, ka samu littafi ka riƙa rubuta kowace tambaya da ka faɗi da dalilin faɗuwar, rashin sani ne ko gaggawa ko ba ka karanta tambayar da kyau ba. Ana iya komawa a canza amsa har uku a kowane sashe, don haka kar ka maƙale minti biyar kan tambaya ɗaya. Dole sai an yi kwana 16 tsakanin zama da zama kuma sau biyar kawai aka yarda cikin wata 12, kar ka ƙona su da haushi. Kuma kar ka tsorata da ganin lambar ta yi ƙasa, 645 na yanzu daidai yake da wajen 700 na da. In GMAT ɗin ta ƙi ka gaba ɗaya, makarantu da yawa suna karɓar wata jarrabawar mai suna GRE a madadinta, duba shafin makarantar da kanka.

Malaman lesin na gaskiya suna nan a Abuja, ban ce a guje su ba. Amma na gaskiya ba zai yi maka alkawarin lamba ba, ba zai nemi fasuwod ɗinka ba, kuma za ka iya zuwa ka zauna a ajinsa ka gani kafin ka biya.

In ka riga ka tura musu kuɗi, kar ka ƙara ko naira ɗaya don barazana, in ka biya sau ɗaya gobe ma za su dawo. Canza fasuwod ɗinka na mba.com da na imel yanzu yanzu, kar ka goge hirar, ajiye rasit ɗin tiransfa da lambar akawun ɗin, ka je bankinka da wuri ka shigar da ƙorafi, sannan ka kai wa EFCC, hedikwatarsu tana Jabi. Mu ma abin da muke kai kenan yanzu. Dan Allah ku tura wannan cikin guruf ɗin masu neman karatu, don lambar wayar da ɗan damfarar ya yi amfani da ita har jiya tana nan tana talla.