Azumin awa 16 ko rage mai a girki: ni dai tukunyar na kama

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da hantsi na ga tambayarki, ina aji ne, sai yanzu na samu zama. Tsakanin biyun nan da kika jera, kame baki na awa 16 kullum da kuma rage mai a girki, ki kama na biyun. Duka na gwada su a jikina, kuma tunda kin ce likita ya zagaye miki kitsen jini da biro a takardar gwaji, to maganarki tana cikin tukunya.

Bari in sallami azumin tukuna. Wata huɗu na yi ina rufe baki ƙarfe takwas na dare, ba na buɗewa sai sha biyun rana. Kilo uku ya tafi, wannan ban musa ba. Amma sha biyu na bugawa nake tura yaro bakin makaranta ya sayo mini awara da dankali, a man nan da aka yi ta juyawa har ya koma baƙi, in na dawo gida kuma in zauna wa garau-garau kamar mai ramuwar gayya. Da na koma gwaji, kitsen yana nan inda na bar shi. A birnin Guwanju na ƙasar Sin an bi mutum 139 shekara guda, sakamakon ya fito a 2022. An rage musu abinci daidai wa daida, sai dai rabinsu an ce su ci tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma kawai. Masu agogo sun sauke kilo 8, sauran kilo 6.3, masu binciken suka ce tazarar ba ta kai a kafa hujja da ita ba, kitsen jininsu ma kusan ɗaya. Wato azumin yana aiki, amma aikinsa shi ne ya sa ki rage ci. Litinin da Alhamis kuwa ki yi abinki don lada, in siket ya saki kin ci riba biyu.

Abin da ya juya ni wata ƙawata ce, nas a asibitin Shika. Ta zo mini wuni ranar wata Asabar ina haɗa miyar taushe, ta ga na kamfato manja cikin ludayi zan zuba, ta riƙe mini hannu. Ta ce in miƙo cokalin cin abinci. Muka tsaya bakin murhu tana juye ludayin cokali-cokali tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, har shida. Ta ce kowane cokali kalori kusan 120 ne, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, ki lissafa. Ni da nake zuba ludayi biyu, in kuma soya man shanu da albasa a kwarara a kan tuwo! Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin da ke cikin tuwo ko furotin ɗin da ke cikin nama 4 ne kacal, shi ya sa mai yake shiga jiki da yawa ba tare da ciki ya san an ci komai ba. Wallahi ranar kunya ta kama ni a cikin madafina.

Tun daga nan cokali uku nake sa wa tukunyar mutum bakwai. Makon farko maigida ya ɗaga murfi ya ce yau kuma miyar asibiti aka yi mana? Na ƙara daddawa da citta da kifi busasshe, na bar albasa ta nuna sosai kafin in zuba kayan miya, ba a yi wata ba ya daina magana. Galan ɗin man gyaɗa da ba ya kai mana sati uku yanzu yana haura wata, da tsadar nan kin san ba ƙaramin abu ba ne. A wata shida na sauke kilo biyar, LDL ɗina, wato mugun nau'in kitsen jinin nan, ya sauko daga 4.1 zuwa 3.4, kuma ko sau ɗaya ban kwana da yunwa ba.

Sai dai kada in cuce ki, rage mai shi ma ba tsafi ba ne wajen sauke ƙiba. A jami'ar Istanfod ta Amurka an raba mutum 609 gida biyu shekara guda, aka buga a 2018. Masu rage mai sun sauke kilo 5.3, masu rage tuwo da sukari kilo 6, kunnen doki ke nan. A jini ne suka rabu: masu rage mai LDL ɗinsu ya fi kyau, masu rage sitaci kuma TG ɗinsu, wani nau'in kitsen jinin daban, ya fi sauka. Don haka ɗauko takardarki ki duba. LDL shi ne kolestarol ɗin da ke liƙewa a bangon jijiya, ana son sa ƙasa da 2.6 in za a samu. TG kitse ne mai yawo cikin jini, ana son sa ƙasa da 1.7, shi kuma lemon kwalba, shayi mai sukari cokali huɗu, burodi, cincin da tumbi su ne ke hura shi. In shi ne ya hau, rage mai kaɗai ba zai ishe ki ba, sai kin taɓa sukarin.

In kuwa LDL ne, irin man ya fi yawansa muhimmanci. Hunturun Zariya ma zai koya miki: duk man da kika tashi da safe kika tarar ya yi dutse a kwano, ko wanda ke kama miki dasashi in romo ya huce, shi ne abin tsoro. Kitsen tozo, man shanu, man alayyadi da man kwakwa suna sahun gaba. Manja kusan rabinsa irin wannan kitse mai daskarewa ne, man gyaɗa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, na waken suya ma bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai daskarewar nan kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini. Ban ce ki kori manja daga gida ba, jan nan nasa jiki na mayar da shi bitamin A, ki dai daina soya shi har ya yi fari yana hayaƙi. Man shanu na mayar da shi na ranar Juma'a, ƙaramin cokali. Wake, kuɓewa, kwaɗon zogale da ƙuli, kifin ƙanƙara gasasshe sau biyu a mako, su suka cike gurbin.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don na san yanzu masu kaya za su cika miki waya. Shayin rage tumbi na taɓa saya har kwali uku wajen wata mai talla a Facebook, kwana biyar ina zarya bayi, sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, ina shan ruwa suka dawo. Yawancinsu filasko ne da maganin sa fitsari. An sha kama wasu ma da sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai sayar da man galan kuma zai nuna miki rubutun "babu kolestarol" ya ɗora kuɗi, alhali duk man da ya fito daga tsiro dama ba shi da shi, har manjan. Manjan da ya cika ja kamar jini ki yi hattara, NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu zuba masa rini. In na galan ne ki duba lambar NAFDAC da hatimin murfi, in na awo ne ki saya wajen matar da kika san ita ke matsar gyaɗarta.

In kina shan maganin sukari, ko kina da ciki, ko goyo, ko gyambon ciki, kada ki soma dogon kame bakin nan sai likitanki ya yarda. In kuma ya riga ya ɗora ki a kan ƙwayar kolestarol, ki ci gaba da sha, wani kitsen gado ne, cokali ba ya isar masa.

Yau da daddare ki auna ludayinki ki ga cokali nawa yake ci, gobe ki zuba rabi. Abincin dare kafin isha'i, bayan nan ruwa kawai, wannan ɗan guntun azumin ya ishe ki. Bayan wata uku ki koma gwaji da safe kafin ki karya. Ki turo mini hoton takardar ta gefe in ga wane layi ne likitan ya zagaye.